Ƙungiyar 'Yan Tsintuwa: Tarihin Sababbin Ƙungiyoyi a Gasar Hoki ta NHL

A daren 7 ga Yunin 2018, a birnin Las Vegas da ke hamadar Nevada, ƙungiyar Washington Capitals ta ɗaga Kofin Stanley, kofin da ya fi kowane daraja a wasan hoki na kan ƙanƙara. Shekara 44 ta yi tana jiran wannan dare. Ƙungiyar da ta doke kuwa, Vegas Golden Knights, wata takwas kacal ke nan da buga wasanta na farko a gasar. Wanda ya haɗa 'yan wasan Vegas, George McPhee, shi ne ya shekara 17 yana babban manajan Washington kafin a sallame shi a 2014.

Tun daga wannan dare magoya bayan wasan a Amurka da Kanada suke jayayya. Wasu na cewa Vegas sayen nasara ta yi, hukumar gasar NHL ta karɓi kuɗi ta share mata hanya. Wasu kuma na cewa basirar shugabanninta ce da sakacin abokan hamayya. Kafin a auna maganganun biyu, sai an san irin wahalar da sababbin ƙungiyoyi suka sha a baya.

Zamanin da baƙo ke cin ragowa

Gasar NHL ba ta da tsarin hawa da faɗuwa irin na ƙwallon ƙafar Turai. Sabuwar ƙungiya kuɗi take biya ta shiga, sannan a ba ta damar tsintar 'yan wasa daga tsofaffin ƙungiyoyi, bayan kowace ta killace waɗanda ba ta son rabuwa da su. Yawan waɗanda aka yarda a killace shi ke nuna ko baƙuwar za ta samu tsoka ko ƙashi.

Daga 1942 zuwa 1967 ƙungiyoyi shida ne kawai a gasar: Montreal, Toronto, Boston, Detroit, Chicago da New York Rangers. A 1967 aka ƙara wasu shida, kowace ta biya dala miliyan 2, aka kuma zuba su duka a rukuni guda domin lalle ɗayarsu ta kai zagayen ƙarshe. Da haka St. Louis Blues ta kai wannan mataki sau uku a jere, 1968 da 1969 da 1970, amma a wasanni 12 da ta buga a can ba ta ci ko ɗaya ba. Sai a 1974 Philadelphia Flyers ta zama ta farko a cikinsu da ta ɗauki kofin.

A shekarar ce Washington ta shigo, daidai lokacin da wata gasar hamayya mai suna WHA ke ɗibar 'yan wasa. A wasanni 80 na kakarta ta farko ta ci 8, an doke ta a 67, ta yi canjaras 5, kuma wasa ɗaya tak ta ci a waje. Takwararta Kansas City Scouts kaka biyu ta yi ta tattara ta bar garin. Ottawa Senators ta ci wasa 10 cikin 84 a kakar 1992-93. Atlanta Thrashers da ta shigo a 1999 sau ɗaya ta shiga wasannin fitar da gwani, daga bisani aka sayar da ita ta koma Winnipeg a 2011. An samu irin su Florida Panthers da ta kai zagayen ƙarshe a kakarta ta uku, amma abin da aka saba gani shi ne shekarun shan kashi, har 'yan kallo su gaji.

Iyakar albashi

A kakar 2004-05 masu ƙungiyoyi da 'yan wasa suka yi takun-saƙa a kan kuɗi har aka soke kakar baki ɗaya. Sulhun da aka yi ya haifar da iyakar albashi: an ƙayyade jimillar abin da kowace ƙungiya za ta biya 'yan wasanta a shekara, mai kuɗi da marar kuɗi duk ɗaya. An fara da dala miliyan 39, ta kai miliyan 75 a kakar 2017-18.

Wannan doka ta sauya lissafi. Manajan da ya yi kuskuren bai wa wani doguwar kwantiragi mai tsada ba ya iya rufe ɓarakar da kuɗin maigidansa, dole ya nemi wanda zai karɓi kayan. Gurbin albashin da ba a cike ba ya zama kadara da ake ciniki da ita. Vegas kuwa ta shigo da gurbinta kusan fayau.

Cinikin Yunin 2017

Attajiri Bill Foley da abokansa sun biya dala miliyan 500 kuɗin shiga, ita kuma NHL ta sassauta ƙa'idar tsinta. A shekarar 2000, tsohuwar ƙungiya na iya killace 'yan gaba tara da 'yan baya biyar da mai tsaron raga ɗaya. A 2017 aka rage zuwa 'yan gaba bakwai da 'yan baya uku da mai tsaron raga ɗaya, ko kuma mutum takwas na kowane gurbi da mai tsaron raga. Vegas za ta ɗauki mutum ɗaya daga kowace cikin ƙungiyoyi 30.

Manajoji da dama suka tsorata, suka riƙa bin McPhee da tayi domin ya kauce wa waɗanda suke ji da su. Columbus ta ba shi damar zaɓen matasa biyu, ya karɓi nauyin kwantiragin David Clarkson da rauni ya hana wasa, ya kuma ɗauki William Karlsson mai ƙwallo shida a kakar da ta gabata. Karlsson ya ci 43 a Vegas. Florida ta bar Jonathan Marchessault mai ƙwallo 30 a fili, ta haɗa masa da Reilly Smith don ta rage nauyin albashi. Anaheim ta ba da Shea Theodore, Minnesota ta ba da Alex Tuch. Pittsburgh ta saki mai tsaron raga Marc-André Fleury, wanda ya ɗauki kofi uku tare da ita.

Amfanin wannan tsinta yana cikin yanayin wasan kansa. Gudu a kan ƙanƙara na cin ƙarfi, har ɗan wasa bai cika wuce minti guda ba a sauya shi. Kowace ƙungiya na fita da mutum 18 ban da masu tsaron raga biyu, 'yan gaba kuma jeri huɗu ne masu karɓeɓeniya. Gwani komai gwanintarsa ya fi daɗewa a benci bisa kan fili. Tsofaffin ƙungiyoyi sun zuba kuɗinsu a kan taurari, jerinsu na ƙarshe ya raunana. Vegas ba ta da babban tauraro, amma jerinta huɗu sun yi kusan kai ɗaya.

Kwana kaɗan kafin fara kakar, a ranar 1 ga Oktoban 2017, wani ɗan bindiga ya buɗe wuta a kan masu kallon wasan kiɗa a birnin, mutum 58 suka mutu nan take ko jim kaɗan bayan haka. Ƙungiyar ta zama matattarar mutanen gari cikin makoki, daga baya ma ta jingine lamba 58. A ƙarƙashin koci Gerard Gallant, wanda shi ma Florida ta kora, ta ci wasa 51, ta tara maki 109, ta fitar da Los Angeles da San Jose da Winnipeg kafin ta faɗi a hannun Washington.

Gwajin Seattle

Seattle Kraken ta shigo a 2021 da dala miliyan 650 da ƙa'idoji iri ɗaya. Amma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah: manajoji sun gwammace su rasa mutum ɗaya su haƙura da su biya toshiya. Seattle ta ƙare kakar farko da maki 60, a ƙasan rukuninta. A kaka ta biyu ta tara maki 100, ta fitar da Colorado mai riƙe da kofi, sannan ta kasa shiga wasannin fitar da gwani a 2024 da 2025. Wannan ita ce babbar hujjar masu cewa ƙa'ida ba ta isa ta bayyana nasarar Vegas ba. Masu ɗora abin a kan rashin harajin albashi a Nevada ma sai su tuna jihar Washington, inda Seattle take, ita ma ba ta karɓar wannan haraji.

Kofi da farashinsa

Bayan 2018 Vegas ta juya matasa da damar zaɓen da ta tara ta sayo taurari: Mark Stone a 2019, Jack Eichel a 2021, ga Alex Pietrangelo da ya zo a 2020 bayan ƙarewar kwantiraginsa. Annobar korona ta tsayar da iyakar albashi a dala miliyan 81.5 har kaka uku, don haka duk wanda ya shigo sai wani ya fita. A 2021 Fleury ya lashe kyautar gwarzon mai tsaron raga, kafin wata guda ya cika aka miƙa shi Chicago kusan kyauta, don a sauke albashinsa na dala miliyan 7. Magoya baya da yawa ba su yafe wannan ba.

Akwai kuma zargin wayo. Albashin mai doguwar jinya na bai wa ƙungiya damar haura iyaka, iyakar kuma a lokacin ba ta aiki a wasannin fitar da gwani. Stone ya yi tiyatar baya a farkon 2023, ƙungiyar ta ƙaro mutane, ya dawo a wasan farko na fitar da gwani. Chicago ta amfana da irin wannan a 2015, Tampa Bay ma a 2021, kuma ba a samu ɗayansu da karya doka ba. Ƙorafin ya ci gaba har sabuwar yarjejeniyar 2025 ta shimfiɗa iyakar albashi zuwa waɗannan wasanni.

A ranar 13 ga Yunin 2023, a kakarta ta shida, kamar yadda Foley ya yi fata tun farko, Vegas ta lallasa Florida da ci 9-3 ta ɗauki kofin. Mutum shida ne suka rage daga 'yan kakar farko. Gwarzon wasannin shi ne Marchessault, wanda Florida ta bari a fili shekara shida baya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Bayan shekara guda kwantiraginsa ta ƙare, ba su daidaita da Vegas ba, ya koma Nashville.