Ciwon da Ke Dawowa Bayan Motsa Jiki a Shekarun Balaga: Yaushe Za a Kai Matashi Asibiti?

Tsakure

Maƙalar ta duba ciwon gaɓoɓi da na ƙirji da ke yawan dawo wa 'yan shekara 10 zuwa 18 a filin wasa. Ta kafa hujja cewa halin ciwo ya fi zafinsa amfani wajen yanke shawara: ko yana lafawa da hutu, ko yana sa ɗingishi, da kuma abin da ke rakiyarsa.

Ciwon da hutu ke kwantarwa

Ƙashin matashi bai gama ƙosawa ba. Kusa da ƙarshen dogayen ƙasusuwa akwai guringuntsin da tsawo ke ƙaruwa daga gare shi, kuma bai kai jijiyoyin da ke jan sa ƙarfi ba. A 1903 Robert Osgood a Amurka da Carl Schlatter a Suwizalan, kowa a nasa ɓangaren, suka bayyana ciwon da ake kira da sunansu: wani ɗan tudu a saman ƙwauri, ƙasa da ƙoƙon gwiwa, mai zafi wajen gudu da tsalle da durƙuso, har yaro ya riƙa jin sa a sujada. Irinsa a dunduniya James Sever ya bayyana shi a 1912. Su biyun suna tashi da wasa, su kwanta da hutu, su wuce idan girma ya kammala. Rage atisaye da ɗora ƙanƙara da miƙar da tsoka sukan wadatar, ko da yake yana da kyau likita ya gani sau ɗaya ya tabbatar. Tsamin jiki kuwa yana kai maƙura cikin awa 24 zuwa 72, ya sake.

Ciwon da ba ya jira

Wanda ya fi tayar da hankali shi ne ciwon da ya daina bin wasa, yana nan ko an huta, yana tashin yaro daga barci, tare da kumburi mai tauri ko zazzaɓi ko rama. Irin wannan ciwo yana iya zama alamar kansar ƙashi, wadda ta fi kama masu waɗannan shekaru, kuma ta fi zama a kewayen gwiwa. Da yake kusan kowane yaro yana da labarin wani bugu da ya sha a ƙwallo, sai iyaye su ɗora laifin a kan bugun, a tafi wurin maɗori. Watannin da ake ɓatawa ana murza da ɗauri su ne sau da yawa ke raba ceto ƙafa da yanke ta. Hoton ƙashi guda, a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko a babban asibiti mafi kusa, shi ne matakin farko.

Sai ciwon gwiwar da asalinsa kwatangwalo ne. Kan ƙashin cinya yana iya gocewa daga guringuntsinsa, musamman ga yaro mai jiki, amma a ji zafin a cinya ko a gwiwa saboda jijiya ɗaya ce ke kai saƙo daga wuraren. Alamarsa ɗingishi da ƙafar da ke karkata waje. Irin wannan yaro a hana shi taka ƙafar, a ɗauki hoton kwatangwalo biyun; aiki ake yi masa. Duk ma'aikacin lafiyar da ya duba gwiwar matashi mai ɗingishi bai juya kwatangwalonsa ba, bai gama bincike ba.

A ƙasar Hausa dole a saka sikila cikin lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu cutar a Nijeriya kowace shekara. Nau'in sikila na SC yana iya ɓoyewa har balaga. Ƙishirwa da gajiya da sanyin hunturu suna tayar da ciwon, toshewar jini tana kashe kan ƙashin cinya, ƙwayoyin cuta kuma suna shiga ɓargo. Ciwon ƙashi da zazzaɓi ga mai sikila na asibiti ne a ranar.

Ƙirji

Yawancin ciwon ƙirjin matasa daga tsoka ne ko haƙarƙari ko asma. Amma suma a tsakiyar gudu, ko jiri da bugun zuciya marar tsari, ko tarihin mutuwar fuju'a ta wani matashi a dangi, suna wajabta dakatar da wasa har a auna zuciya. Ƙarfin jiki ba shaida ba ne: a 1996, bayan zinaren gasar Olympics ta Atlanta, gwajin lafiya a ƙungiyar Inter Milan ya gano matsala a zuciyar ɗan ƙwallo Nwankwo Kanu, aka yi masa aiki ya koma fili.

Idan babu ɗaya daga cikin waɗannan alamu, a ganin wannan nazari mako biyu na rage wasa sun isa gwaji. Ciwon da ya zarce haka, ko ya dawo wuri ɗaya da zarar an koma wasa, a kai yaron asibiti. A tsawon gwajin kada koci ko iyaye su bar yaro ya sha diclofenac ko ibuprofen daga kemis don ya samu buga wasa, domin maganin yana rufe alamar da likita zai dogara da ita, rauni kuma yana ci gaba a ƙarƙashi.