Dam da Damim: Jinin Jiki da Jinin da Aka Zubar

Yau za mu ɗan ajiye labaran soyayya mu leƙa Ibrananci, harshen da aka rubuta Attaura da shi, saboda kalma guda.

Jini a wannan harshe sunansa dam, daidai da na Larabci, don kuwa harsunan biyu ’yan gida ɗaya ne. Kalmar ta zo kusan sau 360 a littattafan Yahudawa. Tilonta yakan nufi jinin da ke gudana a jiki, ko na dabbar hadaya. Amma idan aka jam’inta ta koma damim, zance ya sauya: galibi ana nufin jinin da aka zubar da gangan, tare da alhakin da ke wuyan wanda ya zubar. Mu ma in malami ya ce “jinanen bayin Allah”, ai kowa ya san ba maganar asibiti yake ba.

A ƙissar Habila da Ƙabila, jinin da ya yi kuka daga ƙasa da jam’i ya zo. Malaman Mishna, littafin shari’ar da aka tattara wajen shekara ta 200, suka ce dalili shi ne ba Habila kaɗai aka kashe ba, har da zuriyar da zai haifa. Wani abin mamaki kuma, a Ibranancin waɗannan malamai damim na nufin kuɗi ko farashin abu. Duk wanda ya san diyya ba zai rasa abin tunani ba a nan.

Abin da ya sa na tono wannan nahawu shi ne Birnin Gwari. A Oktoban 2012 ’yan bindiga sun kashe mutum sama da 20 a Dogon Dawa, yawancinsu masu fitowa daga sallar asuba. A Mayun 2018 an kashe aƙalla 45 a Gwaska. A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je garin, ya karɓi ’yan bindigar da suka ce sun tuba, aka sake buɗe kasuwar kara. Wallahi ba na ƙin sulhu. Sai dai sulhu dam yake karewa, wato jinin masu rai, damim kuwa lissafinsa daban ne.

Attaura ta yi tanadi har ga gawar da aka tsinta a daji ba a san makashi ba: a auna gari mafi kusa, dattawansa su kashe karsana a cikin kwari, su wanke hannu su shaida ba su da masaniya. Fiƙihunmu na Malikiyya yana da ƙasama, rantsuwa 50. Tanadin Attaura yana bukatar gari da dattawa. A gefen dajin Kamuku kuwa, a waɗancan shekaru, sau da yawa ƙauyen da ya fi kusa da gawar shi ma kufai ne, dattawansa suna gudun hijira.