Daga Katin Aro zuwa Injin Ƙa'idoji: Inda Dokar Laburare ta Zauna

Wa zai ari wannan littafi, na kwana nawa, kuma me zai biyo baya idan bai dawo da shi ba? Kowane laburare yana amsa wannan tambaya sau ɗaruruwa a rana, sai dai inda amsar take zaune ya sauya sau da dama.

A 1895 Nina Browne, ma'aikaciyar laburare a Amurka, ta fito da tsarin zare katin littafi a zura shi cikin ɗan aljihun takarda mai ɗauke da sunan mai aro, a jera bisa ranar dawowa. Dakunan karatu na Birtaniya sun daɗe suna amfani da shi. Katin lissafi kawai yake riƙewa. Dokar kanta tana kan ma'aikaci, shi ya san cewa kamus ba ya fita, shi ke yafe tara ko ya tsananta.

Da kwamfuta ta shigo, sai dokar ta koma cikin manhaja, inda sauya ta kan buƙaci masanin rubuta manhajar. Koha, wadda aka rubuta a New Zealand a 1999, ta zo ta bai wa ma'aikata jadawalin da suke cikewa da kansu: reshen laburare, rukunin mai aro, nau'in abin aro. Amma dokoki sukan yi karo. Idan malami yana da wata guda, littafin da aka keɓe wa aji kuma yana da awa biyu, wacce za a bi?

Maganin ya fito daga wani fage dabam. A shekarun 1970 Charles Forgy na Jami'ar Carnegie Mellon ya ƙirƙiro Rete, dabarar gwada bayanai da dokoki masu yawa cikin sauri. A kanta aka fara gina Drools, injin ƙa'idoji da ya raba doka da sauran manhaja. FOLIO, wadda Jami'ar Chalmers ta Suwidin ta fara aiki da ita a 2019, tana bin wannan hanya. Ma'aikaci yana rubuta dokokin layi-layi, ya fayyace wadda za ta rinjaya idan an yi karo, injin kuma ya fitar da hukunci biyar: wa'adin aro, neman littafi, sanarwa, tarar jinkiri da kuɗin ɓatarwa.

Ribar ita ce dokar da a da take ɓoye yanzu tana rubuce, kowa zai iya karanta ta ya ƙalubalance ta. Laburaren birnin Chicago ya soke tarar jinkiri a 2019, na New York a 2021, bisa hujjar cewa tarar talakawa take korewa. Aiwatar da irin wannan shawara a manhaja aikin layuka kaɗan ne. Yanke ta kuwa har yanzu aikin hukumar laburare ne, kuma injin zai zartar da doka marar adalci da irin saurin da yake zartar da mai adalci.