Alherin Masuntan Oshima

A daren 16 ga Satumba 1890, guguwa ta maka Ertugrul, jirgin ruwan yaƙin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, a kan duwatsun tsibirin Oshima da ke kudancin Japan. Yana hanyar komawa gida ne bayan ya kai wa Sarki Meiji lambar girma daga Sarki Abdulhamid na Biyu. Sama da mutum 500 suka halaka, har da jagoran tafiyar, Osman Pasha. Mutum 69 suka tsira, wasunsu da rarrafe suka hau gangaren dutse suna bin hasken hasumiyar Kashinozaki. Masuntan ƙauyen, waɗanda su ma hannu baka hannu ƙwarya suke, suka goyo su zuwa tudu, suka ɗumama su, suka yanka musu kajin da suka tanada don baƙar rana. Daga baya Japan ta sa jiragen yaƙinta biyu, Hiei da Kongo, suka mayar da su Istanbul a Janairun 1891.

An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da Maris na 1985. Ana tsakiyar yaƙin Iran da Iraƙi, Saddam Husaini ya ba da wa'adin fara harbo duk jirgin da ya ratsa samaniyar Iran. Japanawa suka maƙale a Tehran, ƙasarsu ba ta turo jirgi ba. Gwamnatin Turkiyya ta Turgut Ozal ta aika da jiragen Turkish Airlines, suka kwashe Japanawa 215 gab da cikar wa'adin. Sai dai danƙon nan bai manne da kansa ba. Godiya tsakanin ƙasashe tana rayuwa ne idan an samu masu ban-ruwa.

Mai suka zai ce ƙasa ba ta san godiya ba, moriyarta kawai ta sani, kuma yana da abin faɗa. Duk da juyayin 1890, ƙasashen biyu sun kasa ƙulla yarjejeniya, domin Japan ta nemi irin gatan da Turawa ke da shi a ƙasar Usmaniyya, Istanbul kuwa ta ƙi. Sai a 1924, bayan daular ta rushe, aka kafa hulɗar jakadanci. Ko ceton 1985, sanayya tsakanin jakadu da 'yan kasuwa ta taka rawa a cikinsa. Gaskiya ne, godiya ba ta sa wata ƙasa ta sarayar da haƙƙinta ba.

Amma sukar ta manta da inda sanayyar ta samo tushe. Wani saurayi, Yamada Torajiro, ya tara gudummawa don iyalan mamatan, ya kai ta Istanbul da kansa a 1892, ya shafe shekaru yana kasuwanci a can. Mutanen yankin Oshima suka riƙe maƙabartar mamatan, kuma har yau ana taron tunawa duk bayan shekara biyar. Irin wannan hidima ce ke sa shugaba, idan aka buga masa waya cikin gaggawa, ya iya jefa matuƙansa cikin haɗari don baƙi, ya kuma samu dalilin da jama'arsa za su karɓa. Masunta suka yi ceton cikin dare ɗaya, masu share kaburbura suka riƙe shi shekara 95 kafin ranarsa ta zo.