Labaran Soyayya Tsakanin Zariya, Haɗejiya da Chennai

Duk wanda ya taso a Haɗejiya yana karɓar hayar littafi ya san tarin da ake kawowa daga Kano: bango mai hoton budurwa, takarda mai saurin yagewa, an naɗe gefenta da salatif saboda yawan hannun da ta ratsa. Wannan tari yana da kakanni, kuma yawancinsu ta hanyar fassara suka shigo.

A 1924 Frank Edgar ya fitar da Dare Dubu da Ɗaya cikin Hausa. Daga baya Hukumar Fassara ta zauna a Zariya ƙarƙashin Rupert East, wanda ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933. A wannan zamanin ne ya haɗa hannu da John Tafida suka rubuta Jiki Magayi, inda mai kuɗi ya raba Abubakar da Zainab. Shi kuwa Abubakar Imam, da ya zo rubuta Magana Jari Ce, ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Jamusawa, ya ɗinka musu riga 'yar ciki, har mai karatu ya rantse a garinsu abin ya faru. Gwanintar da har yau ba a kamo ba ke nan.

A 1980 kamfanin buga littattafai na NNPC ya fitar da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, labarin Boɗaɗo, 'yar Fulani da ta kafe a kan Yasir, wanda ba jininsu ba. Mutumin fadamar Haɗejiya ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan. A yankin da Bahaushe da Bafulatani da Bamange da Babade ke haɗuwa a kasuwar kifi da mashayar shanu, kusan kowace zuri'a tana da irin wannan aure da rigimar da ya tayar.

Fita da labaranmu waje ne ya yi nawa. Mervyn Hiskett ya mayar da littafin Shaihu Umar Turanci a 1967. Sai a 2012 kamfanin Blaft na Chennai, a Indiya, ya buga fassarar da Aliyu Kamal ya yi wa Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, shekara 22 bayan fitowarsa.

Gajeren labari ya fi shan wahala, domin 'yan kasuwar littafi sun fi son mai kashi na ɗaya da na biyu. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta buɗe wa mata marubuta wannan fage, kuma labaran da ta tara sun isa a zaɓo kundi guda a miƙa wa masu fassara.