Yadda aka ƙulla zumunci tsakanin mawaƙan Romantik da Buddha

John Keats, ɗaya daga mawaƙan Romantik, ya rasu a birnin Rum a 1821 yana ɗan shekara 25. Shelley ya bi shi a 1822, Coleridge kuma a 1834. Dukkansu sun kwanta dama kafin Turai ta san ainihin abin da littattafan addinin Buddha suka ƙunsa. Amma ga shi yau ana jera sunayensu da na Buddha kamar 'yan ɗaki ɗaya. Masu karatu na baya ne suka ƙulla wannan zumunci.

Ƙungiyar da William Jones ya kafa a Kalkuta a 1784 ta buɗe wa Turawa ƙofar harshen Sanskrit, sai dai littattafan Hindu ne suka fara fitowa. Sai a 1837 Brian Hodgson, jami'in Ingila a Katmandu, ya aika da tarin littattafan Buddha na rubutun hannu zuwa Faris. Eugène Burnouf ya duƙufa a kansu har ya fitar da babban littafinsa a 1844. A shekarar ce mujallar The Dial ta su marubuta Emerson da Thoreau ta buga wani yanki na Lotus Sutra, ɗaya daga littattafan Buddha, da Turanci a Amurka. Su kuwa a rijiyar Wordsworth da Coleridge suka sha ruwa, don haka da idon mawaƙan suka karanta shi.

Ba a banza suka ga kama ba. A wata wasiƙa ta 1818 Keats ya ce mawaƙi ba shi da tsayayyen kai, yakan narke cikin duk abin da ya kalla. Buddha ma ya koyar da cewa babu kai mai dawwama.

Daga nan labarin ya nufi gabas. D. T. Suzuki na Japan ya karanta Emerson tun yana matashi, kafin ya gabatar wa Amurkawa da Zen, wani reshe na addinin Buddha. A 1942 R. H. Blyth ya wallafa littafi a Tokyo yana zaƙulo ruhin Zen cikin waƙoƙin Wordsworth.

Sai dai akwai giɓin da bai kamata a rufe shi da daɗin baki ba. Wordsworth ya nemi waraka a tsaunuka da tafkunan arewacin Ingila, yana ɗaukaka motsin zuciya. Tsofaffin littattafan Buddha na harshen Pali kuwa sun ce kwaɗayi ne tushen wahala, kuma kowane kyau mai gushewa ne. David McMahan ya bi diddigin wannan cuɗanya a littafinsa na 2008, inda ya nuna cewa batun zama abu ɗaya da halittu, wanda Turawa da yawa ke jingina wa Buddha, yana da jijiya mai ƙarfi a Jamus da Ingila na ƙarni na 19.