Tafkin Nyos: Gargaɗin da Bai Isa Kunnen Jama'a ba

A wannan makon za mu leƙa maƙwabciyarmu Kamaru, cikin tsaunukan yankin Arewa maso Yamma, kusa da iyakar Najeriya.

A daren 21 ga Agusta, 1986, Tafkin Nyos ya amayar da wata iska da ta gangaro kwari ta mamaye ƙauyukan Nyos, Cha da Subum. Kafin gari ya waye, mutum 1,746 sun rasu, tare da dabbobi kimanin 3,500, ciki har da garkunan Fulani makiyaya. Gidaje na tsaye daram, amma mutanen ciki sun riga mu gidan gaskiya. Ruwan tafkin kuwa ya rine ya koma ja.

Me ya faru? Tafkin yana zaune ne a ramin tsohon dutse mai aman wuta, zurfinsa ya kai mita 200. Iskar kabon dayoksaid tana tsattsafowa daga ƙarƙashin ƙasa ta narke a ruwan can ƙasa, nauyin ruwan sama ya danne ta. Shekara da shekaru tana taruwa, har ranar da ruwan ya motsa ta tunkuɗo gaba ɗaya, kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe. Da yake ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta riƙa bin ƙasa tana shaƙe duk mai numfashi.

Abin da ya kamata mu lura da shi: an samu gargaɗi tun kafin wannan dare. A watan Agusta 1984, Tafkin Monoun, shi ma a Kamaru, ya kashe mutum 37 ta irin wannan hanya. Masanin duwatsu Haraldur Sigurdsson ya bincika, ya gano iskar ce daga ƙasan tafkin. Mujallar kimiyya da ya fara kai wa bincikensa ta ƙi buga shi, sai a 1987 ya fito, bayan mai afkuwa ta afku.

Gargaɗi na biyu yana bakin dattawa. Masaniyar al'adu Eugenia Shanklin ta tattara labaran gargajiya na yankin da ke maganar tafkuna masu fashewa ko halaka mutane, kuma wasu ƙabilun wurin sun saba gina gidajensu a kan tudu. Abin da muke kira almara, ashe ajiyar tarihin ƙasa ce.

Daga baya an nemi magani. A 2001 ayarin masanin Faransa Michel Halbwachs ya kafa bututu da ke zuƙo iskar a hankali, aka ƙara biyu a 2011. Najeriya kuma ta gina madatsar Kashimbila a jihar Taraba, don tare ambaliya idan gaɓar tafkin ta ɓalle ruwan ya biyo kogin Katsina-Ala.

To, ina namu aikin? Ilimi ya maƙale a takardar masani da bakin tsoho, makiyayin da ke kwari bai ji ba. Mu ne za mu iya ɗauko shi mu sa shi cikin harshen da jama'a ke ji. Mu tambayi tsofaffin garuruwanmu dalilin da ya sa ba a gini a wani kwari, mu gwada amsarsu da binciken masana, sannan mu rubuta. Rigakafi ya fi magani.